Dala 50 Da Na Ba Ɗan Takara A Amurka

Ni haifaffen Tudun Wadan Zariya ne, kuma a Kongo na karanta aikin akanta, wato harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda ake koyar da shari'a da sha'anin mulki. A 2011 Allah ya buɗe mini hanyar ƙaro karatu a Amurka. Da na kammala digiri na biyu, sai makarantar koyon kasuwanci ta wata jami'ar gwamnatin jiha da ke tsakiyar ƙasar ta ɗauke ni aiki a ofishin kuɗi. Ni ba malami ba ne. Aikina duba rasit, biyan kuɗin tafiye-tafiyen farfesoshi, da tabbatar da cewa duk dalar da ta fita daga asusun bincike tana da takardarta. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba, domin mutanen da zan yi magana a kansu suna nan da ransu, wasu har yau muna gaisawa kowace safiya.

Na sami katin zama na dindindin a 2018. Shekarar da ta biyo baya na je gida aka ɗaura mini aure, na dawo na shigar da takardun ɗauko matata. Muna cikin jira, ranar 31 ga Janairun 2020 gwamnatin Amurka da ke ci a lokacin ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba 'ya'yansu bizar zama, tare da Eritiriya da Miyanma da Kirgistan. Umarnin ya fara aiki ranar 21 ga Fabrairu. Kafin mu gama shanye wannan, korona ta shigo, a watan Afrilu aka ƙara fitar da wani umarnin da ya rufe ƙofa ga matan masu kati irin nawa daga ko'ina suke. Amarya ta zauna a ɗakin mahaifiyata a Zariya, ni ina nan. Tsakaninmu akwai tazarar awa 6 zuwa 7, don haka ina fitowa cin abincin rana ita tana shirin sallar isha'i, a nan muke samun magana. Wata rana ta ce mini, "Yaya, a gidan suna an tambaye ni ko da gaske ne kana da wata matar a can." Ta faɗa tana dariya, amma na san ba dariya ba ce a ranta. Na rasa abin da zan ce mata, sai haƙuri da na ba ta, wanda na riga na ba ta har ya gundure ni ni kaina.

A wannan shekarar ta 2020 ake zaɓen shugaban ƙasar Amurka, kuma ɗaya daga cikin 'yan takarar ya yi alkawarin soke umarnin da zarar ya hau. Ni kuwa ba ni da ƙuri'a. Mai katin zama in ya kuskura ya yi zaɓen tarayya, laifi ne da zai iya sa a kore shi daga ƙasar. Amma dokar ta bar masa ƙofa guda: yana iya ba ɗan takara gudummawar kuɗi daga aljihunsa, daidai da ɗan ƙasa. Na tabbatar da haka ne daga wasiƙar da lauyoyin jami'a ke aiko wa duk ma'aikata a kowace shekarar zaɓe. Wasiƙar tana tunatar da mu cewa jami'a ba ta goyon bayan kowa, kuma kada wanda ya yi amfani da imel na ofis, ko kwamfutar ofis, ko takarda mai tambarin makaranta wajen yi wa ɗan takara aiki. Tun 1954 akwai dokar da ta hana cibiyoyin da aka yafe wa haraji, irin su jami'o'i da majami'u da masallatai, shiga kamfen, kuma tamu da take ta gwamnati tana da ƙarin dokokin jiha a kanta. Kamfanoni ma tun 1907 aka haramta musu ba 'yan takarar tarayya kuɗi daga asusunsu. Amma kai ma'aikaci, a lokacinka, da kuɗinka, ba mai hana ka.

Wannan ne ya sa in ka ji an ce "jami'a kaza ta ba ɗan takara kaza miliyan kaza", ba jami'ar ce ta bayar ba. Ma'aikatanta ne, kowa da nasa, aka tara aka jingina wa sunan wurin aikinsu. Ƙungiyar OpenSecrets, wadda ke bin diddigin kuɗin siyasa, haka take lissafinta, shi ya sa a zaɓukan 2008 da 2012 Jami'ar Kalifoniya ce ke kan gaba a jerin waɗanda suka fi ba Barack Obama, a 2008 ma ta sha gaban bankin Goldman Sachs. Abin da ke ba da damar wannan lissafi shi ne gurbi guda a fom ɗin bayar da gudummawa, inda ake tambayar sana'arka da sunan wanda kake wa aiki.

A kan wannan gurbin na tsaya, wani dare cikin watan Satumba, ina zaune a ɗakina da wayata. Hukumar zaɓe ta tarayya, FEC, wadda ta fara aiki a 1975 bayan badaƙalar Watergate, tana wallafa sunan duk wanda gudummawarsa ga ɗan takara ta haura dala 200: sunansa, garinsu, sana'arsa, wurin aikinsa, nawa ya bayar, kuma yaushe. Ni dala 50 zan bayar, wanda ya ji zai ce ai ban kai ba. To amma yawancin kuɗin da ake bayarwa ta intanet suna bi ne ta shafuka biyu, ActBlue na 'yan Dimokurat da WinRed na 'yan Rifablikan, kuma su a matsayinsu na masu miƙa saƙo dole su bayyana kowace gudummawa komai ƙanƙantarta. Ko dala 5 ka bayar, sunanka zai fito, kuma ba a gogewa. Na san wannan tun kafin in fara cike fom ɗin, domin karanta ƙananan rubutun ƙasan takarda shi ne sana'ata. Na yi tunanin jami'in da wata rana zai duba takardun neman zama ɗan ƙasa da zan shigar. Na yi tunanin shugabannin makarantarmu. Sunana ba ya ɓuya, duk wanda ya gan shi ya san Musulmi ne baƙo.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Tela ne, kuma ɗan PRP ne na a-mutu. Yakan ba mu labarin zaɓen 1979, lokacin da Balarabe Musa ya ci Kaduna, Abubakar Rimi ya ci Kano, yadda shi da abokan sana'arsa suke haɗa kuɗin mota daga aljihunsu don su je taron Malam Aminu Kano, su ɗinka tutoci ba a biya su ko kwabo ba. Yakan ce a lokacinsu talaka ne ke ba jam'iyya. Mu kuwa mun taso mun tarar ɗan takara ne ke raba atamfa da taliya da sabulu, mai zaɓe yana miƙa hannu. Ban taɓa ganin wani a unguwarmu ya ba ɗan siyasa kuɗi ba, sai dai ya karɓa. Na rubuta "akanta" a gurbin sana'a, na rubuta cikakken sunan makarantarmu a gurbin wurin aiki, na amince da rantsuwar da ke ƙasa cewa ni mai katin zama ne, kuɗina ne, ba wani ya ba ni in bayar ba. Na danna.

Da na gaya wa yayana, wanda ke sayar da kayan gyaran mota a Kaduna, sai ya ji abin ya burge shi. Ya ce, "Dala 50 me za ta yi? Bari in turo maka 500 ka ƙara, ka ba su da sunanka. Ai matarka ƙanwata ce." Na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri, amma wannan kuɗin in na taɓa shi gidan yari zai kai ni." Ya ɗauka kunya nake ji. Sai da na zauna na warware masa cewa laifi biyu ne a haɗe: baƙon da ba shi da katin zama haramun ne ya ba ɗan takarar Amurka ko sisi, kuma haramun ne mutum ya bayar da kuɗin wani da sunansa. Na ba shi misalin Dinesh D'Souza, sanannen marubuci mai kusanci da manya, wanda ya amsa laifi a kotu a 2014 saboda ya sa wasu sun ba wata 'yar takarar majalisar dattawa kuɗi shi kuma ya mayar musu. Yayana ya yi shiru, sannan ya ce, "To in haka ne bari in saya wa amarya buhun shinkafa." Haka kuwa aka yi.

Cikin watan Oktoba jaridar ɗaliban jami'armu ta fitar da rahoto kan gudummawar ma'aikata. Ba wani sirri suka tono ba. Shafin hukumar suka shiga, suka rubuta sunan jami'ar a gurbin wurin aiki, komai ya zubo, suka raba shi sashe-sashe. A sauran sassa, irin su tarihi da adabi, kusan kowa Dimokurat ya ba, kuma ba wanda ya yi mamaki, domin sanannen abu ne cewa malaman jami'o'in Amurka can suka fi karkata. Namu sashen ne ya ja hankali. Mu ma masu ba Dimokurat sun fi yawa, amma akwai 'yan tsirarun farfesoshi da suka ba ɗaya ɓangaren, wasu har iyakar da doka ta yarda a wancan zagaye, wato dala 2,800 a zaɓen fid da gwani da wata 2,800 a babban zaɓe. Jaridar ta ambaci sunayen manyan kawai, amma ta sa mahaɗin da zai kai ka ga cikakken jerin. Kafin azahar kowa ya duba kowa.

Dole in bayyana dalilin da ya sa abin ya fi zafi a makarantar kasuwanci. Irin waɗannan makarantu da kyautar attajirai suke rayuwa. Ginin da muke ciki sunan wani mai kuɗi ne a kansa, ɗakunan karatu ma haka, har kujerun farfesoshi akwai waɗanda wani ya ajiye kuɗin albashinsu. Ni ke ganin takardun, na san nawa ke shigowa daga tsofaffin ɗalibai. Waɗannan masu kyauta kuwa kowa da jam'iyyarsa, kuma suna karanta jarida. Bayan haka malaman kasuwanci ba su da nisa da mulki. Laura Tyson ta shugabanci majalisar masu ba Bill Clinton shawara kan tattalin arziki kafin ta zama shugabar makarantar kasuwanci ta Berkeley. Glenn Hubbard ya riƙe wannan muƙamin a ƙarƙashin George W. Bush, daga baya ya shugabanci ta Jami'ar Kolombiya. Austan Goolsbee daga ta Shikago ya tafi wurin Obama, Peter Navarro kuma daga ta Irvine ya shiga Fadar White House a 2017. Don haka in farfesan kasuwanci ya ba ɗan takara kuɗi, mutane sukan tambaya ko aƙida ce ko neman kujera, ɗalibai kuma sukan tambaya ko abin da yake koya musu kan haraji ilimi ne ko kamfen. A makon da rahoton ya fito shugaban makarantarmu ya yi ta amsa wayar masu kyauta. Ya aiko mana da wasiƙa cewa makaranta ba ta da jam'iyya kuma ba za a hukunta kowa ba, kuma ya cika wannan alkawarin.

Farfesoshin ba su girgiza ba. Yawancinsu suna da tabbacin aiki na har abada, ba mai iya korarsu saboda ra'ayi. Wanda abin ya taɓa ita ce dattijuwar da teburinta ke kallon nawa. Baturiya ce, mijinta ya rasu, ta fi kowa daɗewa a ofishin, ita ta koya mini tsarin biyan kuɗin jami'ar layi-layi lokacin da na zo ban san komai ba. A watan azumi takan ɗauki abincinta ta fita waje don kada ta ci a gabana, ba tare da na taɓa roƙonta ba. A jerin nan sunanta ya fito sau da yawa, dala 10, dala 10, kowane wata, duk ga shugaban da ke kan mulki. Sunana kuma yana can ƙasa, sau ɗaya, ga abokin hamayyarsa.

A lokacin saboda korona kwana-kwana muke shiga ofis, kuma ranakunmu ɗaya da ita. Na ga yadda wasu matasan ma'aikata suka daina tsayawa a teburinta. Wadda kullum ke kawo mata kofi ta wuce kamar ba ta gan ta ba. A taron da muke yi ta bidiyo, in ta yi magana sai a yi tsit, a ci gaba da wani zancen. Ba wanda ya zage ta, amma ta gane. Ni ma raina ya sosu da na ga sunanta, ba zan ɓoye ba. Ta san halin da nake ciki, ta ga hoton aurenmu, ta sha tambayata labarin amarya. Amma tarbiyyar gidanmu ba ta yarda in wuce babba ban gaishe shi ba, don haka na gaishe ta kamar kullum. Sai ta ɗago, takunkumi a fuskarta, ta ce, "Ka gani ko?" Na ce na gani. Ta ce ba ta san ƙananan kuɗi ma suna fitowa ba. Ta ce ita abu guda ya sa take bayarwa, batun zubar da ciki, wanda a imaninta kisan rai ne, kuma tun tana budurwa a kan wannan take zaɓe. Na ce mata ni ma abu guda ne ya sa na bayar, kuma ta san ko mene ne. Ta ce ta sani. Ba ta ce ta yi nadama ba, ni ma ban nemi ta ce ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Muka koma kan rasit ɗin wani farfesa da ya ɓatar da takardar otal.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, kuma matsayina bai canza ba: gara a wallafa. Na fito daga ƙasar da Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50, kuma kada mai neman shugabancin ƙasa ya kashe fiye da biliyan 5, amma a shekarar ta 2022 aka sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC naira miliyan 100, na PDP miliyan 40, muka yi ta jin wai "ƙungiyoyin magoya baya" ne suka saya wa manya, ba tare da talaka ya ga sunan wanda ya zuba kuɗin ba. Wanda ya ga wannan ba zai raina rajistar da kowa zai iya buɗewa a wayarsa ba. Dokar Amurka ma ta yi ƙoƙarin kare masu bayarwa: haramun ne a kwashi sunayen don talla ko roƙon kuɗi, har an yarda kwamitin kamfen ya cusa sunayen bogi guda 10 a rahotonsa don a kama mai satar jerin.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda hasken ya fi haskawa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United, da wani hukuncin da ya biyo bayansa a shekarar, an sami kwamitocin da ke karɓar kuɗi ba iyaka muddin ba hannun ɗan takara suka miƙa ba. Attajiri kuma yana iya zuba miliyoyi a wata ƙungiya mai rajistar jin daɗin al'umma wadda doka ba ta tilasta mata bayyana masu ba ta ba, ita kuma ta miƙa wa kwamitin, sunan ƙungiyar kaɗai zai fito. Wanda ke da lauyoyi ya san wannan hanyar. Sakatariya mai dala 10 ba ta sani ba, ita ce ɗalibi zai gano cikin minti biyu. Kuma fitowar suna tana da tsada. Brendan Eich ya sauka daga shugabancin kamfanin Mozilla a 2014 saboda dala 1,000 da ya bayar a 2008 don goyon bayan hana auren jinsi a Kalifoniya. Shi babba ne, ya sami wani abin yi. Ƙaramin ma'aikaci in abokan aiki suka juya masa baya, ba jaridar da za ta rubuta.

Ranar 20 ga Janairun 2021 sabon shugaban ƙasa ya soke umarnin da ya shafi Najeriya, ranar 24 ga Fabrairu kuma ya soke na korona. Ban ce dala 50 ɗina ce ta yi ba, a zaɓen da aka kashe biliyoyin daloli. Amma na yi sujada a ɗakina. Sai dai sokewar ba ta kawo amarya washegari ba, domin takardu sun taru jibgi a Legas, inda ake tantance masu bizar zama. A wannan jiran dattijuwar nan ta gaya mini abin da ban sani ba, cewa kowane ɗan majalisar wakilai yana da ma'aikatan da aikinsu bin kadin matsalar mazauna mazaɓarsa da hukumomin tarayya, ko ka zaɓe shi ko ba ka zaɓe shi ba, ko ma ba ka da ƙuri'a. Ɗan majalisar yankinmu ɗan jam'iyyarta ne. Na ce mata ai in suka duba sunana za su ga wanda na ba kuɗi. Ta ce ba ruwansu da wannan, ta buga mini fom ɗin ba da izini ta ajiye a teburina. Na cike na aika. Suka tuntuɓi ofishin jakadanci, suka aiko mini da amsa cewa takardunmu suna layi. Ban ga alamar sun gaggauta komai ba, amma aƙalla na san ba su ɓata ba, kuma na sami abin da zan karanta wa surukaina. Matata ta iso a 2022. Dattijuwar ta yi ritaya shekarar da ta biyo, tana nan kan ra'ayinta, ina nan kan nawa, takan kira ta tambayi lafiyar ɗanmu.

Na zama ɗan ƙasa a 2024, jami'in da ya yi mini tambayoyi bai ko ambaci gudummawar ba. A kakar zaɓen shekarar wani yaro ɗan Maraɗi da ke digiri na biyu a makarantarmu ya same ni bayan sallar Juma'a, ya nuna mini wata hula a shafin kamfen ɗin wani ɗan takara, yana so ya saya ya kai wa ƙaninsa tsaraba. Na ce, "Ƙanena, rufe shafin nan." Na gaya masa duk abin da aka saya a shagon kamfen gudummawa ce a idon doka, shi kuwa bizar ɗalibi gare shi. In yana sha'awar siyasar, yana iya zuwa taro ya saurara, har aikin sa kai doka ta yarda ya yi muddin ba a biya shi ba kuma bai kashe kuɗinsa ba. Ya ce, "To Baba, kai ka saya mini in biya ka." Na ce wannan ma shi ne laifi na biyu, kuma mu biyu zai kama. Na kai shi kantin jami'a ya sayi hula mai tambarin makaranta.